Gadon Jariri Mai Gefe Uku

Ku da kuke zuwa koyon aiki yanzu, da kun ga gadon jariri a ƙofar shagon nan sai ku ce ai wannan aikin rabin yini ne, ɗan abin da ko falanki biyu bai ci ba. Ku dai kujerun falo kuke so, da durowa mai madubi, abin da za a ɗauka a waya a nuna wa jama'a. To ku jawo benci ku zauna. Ni Ɗanladi tun ina saurayi nake riƙe da zarto a garin Zuru. Na yi ƙofofin coci, na yi na masallaci, teburan makaranta kuwa ban san iyakarsu ba. Amma babu aikin da ke sa in tattara hankalina wuri guda kamar wannan ɗan gadon. Babba in kujera ta soke shi, tsaki zai yi ya tashi. Jariri kuwa ba ya tashi, ba ya kuma iya faɗin inda ke cinsa.

Aikin farko da ubangidana, marigayi Baba Ishaya, ya ɗora ni a kai shi ne gugar katako. Damina ta zo ta wuce ban taɓa zarto ba, sai sanfefa, har zanen yatsuna ya shafe. A lokacin bencin coci muke yi. In na ce na gama, sai ya ciro ɗan curin auduga daga aljihu ya bi jikin katakon da shi. Ko zare ɗaya ya maƙale sai ya miƙo mini sanfefar.

"Baba, ai benci ne," na ce masa wata rana. "Manya ne za su zauna."

Ya ce, "Ka taɓa zuwa coci da idonka a buɗe? In wa'azi ya yi tsawo, a ina mata suke kwantar da 'ya'yansu? Koma."

A wurinsa na koyi riƙon kurfi na huda katako da filen na fere shi, na koyi buga katako da bayan yatsa in ji ko ya bushe. Wannan ku riƙe shi da kyau: ɗanyen katako maƙaryaci ne. Za ka haɗa shi da damina ya zauna daram, rani na yi sai ya karkace, ya buɗe baki a inda ba ka bar baki ba. Katakon maɗaci ya fi ƙarko, ƙwaro ba ya son ɗacinsa, sai dai nauyi. Malaina, bishiyar nan mai farin katako, ba ta da nauyi, mace ɗaya za ta iya jan gadon ta yi shara, amma sai ta sha iska sosai kafin a yanka ta.

A zamanin Baba Ishaya ba wanda yake zuwa neman gadon jariri. Jariri a jikin uwarsa yake kwana, shi ke nan. Wadda ta fara kawo mini wannan aiki, bayan na buɗe shagona, ita ce Sista Rifkatu, ungozoma ce da ta daɗe a asibiti har ta yi ritaya. Ɗiyarta ce ta kusa haihuwa. Ta shigo da gwangwanin lemo a hannu, na ɗauka ƙishirwa take ji, ashe ma'auni ta kawo.

Ta ce, "Kafinta, in gwangwanin nan ya wuce tsakanin sanda da sanda, ba zan karɓi gadon ba. Jikin jariri zai iya zurarewa ta nan, kai ya tsaya. Ka gane?"

Na ce na gane.

"Gefe uku za ka yi masa. Na huɗun a buɗe, shi zai manne da gadon uwa. Katifarsa da tata su zo daidai, kada ɗaya ta ɗara ɗaya. Kuma ka yi masa abin ɗauri, a ɗaure shi da ƙafar babban gado, don ko an ture shi kada rami ya buɗe a tsakani."

Na tambaye ta wace irin katifa take so, don na san mata da son mai laushi.

"Mai tauri. Wadda in ka danna da tafin hannu ba za ta riƙe shaidar hannunka ba. Ta cika gadon dam, ko yatsa biyu kada su shiga ta gefe. Ba matashin kai, ba bargo, ba 'yar tsana. A rigingine za a kwantar da shi, fuska sama."

Na ce, "Sista, ai sai ka ce ɗan kurkuku."

Ta yi dariya ta ce, "Mai laushin nan da kake gani, shi ke rufe hanci. Na ga abin da na gani, shi ya sa nake faɗa maka."

Ban ƙara tambaya ba. Da na gama, ta zo ta bi kowace sanda da gwangwaninta, ta kama gadon ta girgiza kamar mai kaɗe ɗorawa, sannan ta ce a ɗora mata a amalanke. Daga bakinta mata suka ji, daga nan aikin ya fara zuwa.

Akwai wani saja da ya zo hutu ya tarar matarsa ta haifa masa ɗiya mace bayan maza uku. Mutumin nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don murna. Ya ce in yi mata gado, in yi wa gadon fenti mai sheƙi, in sassaƙa furanni a kai, in rataya ƙararrawa da zare masu launi. Kuma a gama kafin ranar suna. Na ce masa furanni zan yi masa a waje inda hannunta ba ya kai, amma zare ba zai rataya a kan jariri a gadon da na yi ba, don zare wuya yake nema. Fenti kuma in an shafa yau, warinsa yana nan har bayan suna, ga shi nan da 'yan watanni baki za ta sa a katakon.

Ya ɓata rai ya ce, "Baba, ni fa umarni nake bayarwa a wurin aiki."

Na ce, "A nan ita ce babban hafsa, ni da kai duk kurata ne."

Sai ya fashe da dariya har ya dafa bango. Man kaɗe muka shafa wa gadon, ya fito ja yana ƙyalli. Ƙararrawar kuma a keken yaransa maza ta ƙare.

Ba kowa ne zai zo wurin kafinta ba, kuma ban ce dole ba. Oga Emeka mai shagon katifa, wanda ke yanka mini soso mai tauri daidai awo, matarsa ta taɓa sayo na ƙarfe mai naɗewa daga kudu. Ta aiko in zo in duba mata. Ban kushe shi ba, don abu ne mai kyau. Na dai yi masa abin da nake yi wa nawa: na girgiza shi, na danna katifa, na ja makullin gefen in ga ko zai kuɓuce da kansa, na jingina shi da gadonta. A nan matsalar ta fito, gadonta ya fi shi tsawo da kusan taƙi guda. Na ce mata, "Madam, ko dai ki rufe gefensa na huɗu ki bar shi tsaye da kansa kusa da ke, ko a sauke gadonki. Amma a buɗe haka, ba a kan wannan tudun ba." Ta rufe gefen. In kuma na gwanjo mutum ya saya, ya ƙirga sukurorinsa da ido, ya sa sabuwar katifa. Wanda ƙarfe ɗaya ya ɓace masa aka ɗaure da tsumma, wannan ba gado ba ne.

Sai shekarar da ba mu son tunawa. Kun san lokacin da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyukan wajen Ribah da Dirin Daji, mutane suka kwararo cikin gari da abin da kansu ya iya ɗauka. Masu yankan katako suka daina shiga daji. Wanda ke da bikin aure ya ɗaga, wanda ya yi niyyar ƙofa ya rataya buhu. Abu guda ne bai daina zuwa ba, akwatin gawa. Har tsoffin benci na kwance na yi da su. A shekarar nan ba na jin na yi gadon jariri ko ɗaya.

Wata safiya ina buɗe shago, wani saurayi ya tsaya a bakin ƙofa da guntun karan dawa a hannu. Mu kafintoci mun san ma'anar kara, awon mamaci ne. Amma wannan bai kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa ba. Sunansa Bulus, manomi ne daga wani ƙauye a bayan Ribah. Sun gudo shi da matarsa Saratu da mahaifiyarsa, suka sauka gidan wansa, mata da yara cike da ɗaki guda, kowa a jikin kowa. Jaririnsu bai yi wata biyu ba. Gari ya waye suka same shi ba ya motsi a tsakanin uwarsa da tarin zannuwa. Ko danne shi aka yi, ko zane ne ya rufe masa fuska, ba wanda ya sani. Na ɗauko ragowar malaina na yi masa abin da ya zo nema. Na goge cikinsa da sanfefa kamar yadda aka koya mini. Ya saɓa a kafaɗa ya tafi.

Damina biyu ta wuce, ga Bulus a kan babur, ya koma kabu-kabu. Ya gaishe ni, ya tsaya yana murza makulli a hannu kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Daga baya ya ce sun kama ɗaki nasu, kuma Saratu tana da tsohon ciki.

Na ce, "Madalla. Allah ya raba lafiya."

Ya ce, "Amin, Baba. Sai dai ba ta barci. Tun da cikin ya fito, zaune take kwana. Ta ce in ta haihu ba za ta kwanta kusa da shi ba, a ba Mama ta riƙe. A wurin awon ciki ne wata ta ce mu zo gare ka."

Ba na yin gadon gefe sai na ga gadon uwa da idona, don haka na ɗauki tef na hau bayan babur ɗinsa. Ɗakin ƙarami ne, da gadon ƙarfe na gwanjo, daɓen kuma ya gangara wajen ƙofa. Saratu na zaune a bakin gadon, yarinya ce siririya, idanunta sun faɗa. Na durƙusa ina awo, sai inuwa ta rufe ƙofa. Mahaifiyar Bulus ce, Mama Laraba, tsohuwa mai hannun noma. Hausarta a haɗe take da harshensu na C'lela, amma abin da ta faɗa ba wanda bai ji ba.

"Ba kai ne ka yi muna wancan ba?"

Na ce, "Ni ne, Mama."

"Akwati guda ya ishe gidan ga. Ɗan da bai zo duniya ba, ba za a auna mashi katako ba."

Bulus ya fara cewa, "Mama, ai ba haka..." Na ɗaga masa hannu. Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, hannun da ya yi wancan shi ne a ɗakinsu da tef. Na naɗe tef ɗin na sa a aljihu.

Sai Saratu ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, ka yi. Amma ka rufe shi gefe huɗu, ka ajiye can bakin ƙofa. Nesa da ni."

Na ce, "Ɗiyata, in yana bakin ƙofa, wa zai ji motsinsa? Za ki tashi ki ɗauko shi ki ba shi nono a zaune, ga gajiya, barci ya sace ki yana hannunki. Wanda zan yi, shi da wurinsa, ke da wurinki. Zan bar ɗan katako a tsakani, bai fi faɗin tafin hannu ba. Hannunki zai tsallaka, jikinki ba zai tsallaka ba."

Ta kalle ni, ta kalli surukarta.

Da zan fita na tsaya wurin tsohuwar na ce, "Mama, ba zan kawo kome gidan nan ba sai kin yarda. Amma ina da roƙo. Man kaɗen kasuwa duk gauraye ne, na ji an ce ke kina yin naki. Ki kawo mini shago ran kasuwa. In kin ga abin bai yi miki ba, sai in sayar wa wani."

Ran kasuwa da hantsi sai ga ta da ɗan ƙoƙo a rufe da ganye. Na riga na haɗa gadon, ba ƙusa ko ɗaya a cikinsa, huda na yi na zura sandunan da gam, sukurori kuma ta waje, kawunansu a binne. Ƙafa biyu na ƙara musu tsawo kaɗan saboda gangaren ɗakin. Ta zagaya shi. Ta leƙa ta tsakanin sanduna ta hango masu wucewa a titi. Ta sa hannu a sama ta shafa iska.

"Ba shi da murfi," ta ce.

"Ba shi da murfi, Mama."

"Nan kuma ka manta ba ka rufe ba."

"Ban manta ba. Nan wajen uwarsa ne."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta jawo kujerar tsuguno ta zauna, ta buɗe ƙoƙon, ta lakato man da yatsa ta fara shafawa. Na miƙa mata tsumma ta ture. Da tafin hannunta ta bi kowace sanda, sama da ƙasa, tana wata 'yar waƙa da harshensu wadda ban san ma'anarta ba. Har azahar ta yi tana nan. Na bar mata wurin na koma kan wata ƙofa da nake yi.

Rigimar da ta rage ta matashi da bargo ce. Ta ce sanyin Zuru in ya sauko daga duwatsu ba ya tausayin babba balle jariri. Na faɗa mata abin da Sista Rifkatu ta faɗa mini, na ce a sa masa riga mai kauri da safa, shimfiɗar kuma a ɗame ta a ƙarƙashin katifa yadda ba za ta tattaro ba. Ta ce to ita za ta ɗinka shimfiɗar, don ba ta yarda da ɗinkin yaran yanzu ba. Na ce na ji.

Ranar da muka kai gadon, na ɗaure shi da ƙafafun gadon ƙarfen da ɗamara biyu, na ja da ƙarfina bai motsa ba. Muka rataya babban gidan sauro da ya rufe gadajen biyu gaba ɗaya, muka cusa bakinsa ta waje. Na ce su kawar da risho daga wannan kusurwa, kuma maganin sauro na hayaƙi ya daina shiga ɗakin. Saratu tana tsaye jikin bango tana kallo kamar ba nata ba.

Mama Laraba ce ta fita ta dawo da kabewa, 'yar madaidaiciya, ta kwantar da ita a tsakiyar ɗan gadon.

"Hau ki kwanta," ta ce wa surukarta. "Mirgina. Danne ta in kin iya."

Saratu ta hau da ƙyar saboda ciki. Ta juya, kafaɗarta ta tsaya a katakon tsakani. Ta sake matsawa, gwiwarta ta bugi ƙarshen gadon. Ta miƙa hannu, tafinta ya sauka a kan kabewar. Ta bar shi a nan. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, na fara neman ƙofa. Ashe dariya ce, da hawaye a cikinta. Tsohuwar ta ce, "To tashi, kada ki saba da ita, miya za ta shiga."

Ta haihu lafiya, ɗiya mace, suka sa mata Godiya.

Al'adata ce in na yi gado, bayan 'yan watanni in koma in ƙara ɗaure sukurori, in duba ɗamara, in kuma gaya wa iyaye cewa ranar da yaro ya fara zama ko kama sanda yana ɗagowa, aikin wannan gadon ya ƙare, sai a nemi mai zurfi. Wata Lahadi bayan an taso coci na bi ta gidansu. Rana ta take. Mama Laraba na zaune a tabarma a ƙofar ɗakin tana tsintar wake a faifai. Tun kafin in yi sallama ta ɗaga mini hannu.

"Yi a hankali, Kafinta."

Ta ɗage gefen labule kaɗan. Saratu na kwance a gadonta da kayan cocinta, ko ɗankwali ba ta cire ba, baki a buɗe, tana barci har da minshari. Hannunta ɗaya ya tsallaka katakon tsakani. Godiya kuwa idonta biyu, a rigingine, ta kama babban yatsan uwarta da hannu biyu tana ta harba ƙafafu sama.

Na ce da raɗa, "Mama, sukurori kawai zan taɓa, ba zan daɗe ba."

Ta saki labulen. "Gobe."

"Ai ba ƙara..."

"Na ce gobe."

Na mayar da sukudireba aljihu. Babur ɗina kuwa, sai da na tura shi har bakin titi kafin na tayar.